Zare: Tarihin kalmomin da 'yan Norwe ke ɗinkewa, da abin da ke faruwa in an farke su

1/ Jama'a yau tarihi za mu taɓa, amma na harshe. A ƙasar Norwe, in ka ga allo an rubuta røykfritt, ma'anarsa nan wurin ba a shan taba. In mai rubutun ya saka tazara a tsakiya, ya rubuta røyk fritt, to ya ce maka "sha tabarka yadda ka ga dama". Haruffa ba su canza ba ko ɗaya. Ku biyo ni, labarin ya fi shekara 1500.

2/ Kuma ba wasa ba ne, tun 1 ga Yuni 2004 dokar ƙasar ta hana shan taba a gidajen abinci da mashayu. Wato mai shago na iya manna allon da ke ba da izinin abin da doka ta hana, shi a ransa gargaɗi ya yi.

3/ Irin wannan suna da yawa. Lammelår cinyar ɗan rago ce, wadda ake sayarwa a kanti. Lamme lår kuwa shanyayyun cinyoyi. Ananasringer yankakkiyar abarba ce mai siffar zobe, ananas ringer kuma "abarba tana kiran waya". Tunfiskbiter gutsattsarin kifin gwangwani, tunfisk biter "kifin yana cizo".

4/ Abin da ya ja hankalina shi ne, a baki ba wanda ke wannan kuskuren. Ko yaro ɗan shekara biyar ba zai rikita su ba. In kalma harɗaɗɗiya ce, ana danna murya sau ɗaya, a kan ɓangaren farko: RØYKfritt. In kalmomi biyu ne, kowacce da nata nauyin. Kunne ya san bambancin tun kafin a fara gardamar yadda za a rubuta. Tambayar ita ce daga ina wannan dannawa ta fito.

5/ Kafin mu shiga tarihi, ga yadda suke ɗinkin. Mu a Hausa babban abu ke zuwa farko: gidan sauro gida ne, ba sauro ba. Su a ƙarshe yake zuwa. Hus gida, båt jirgin ruwa. Husbåt jirgi ne da ake zama a ciki. Båthus gida ne da ake ajiye jirgi. To nauyin murya kan ɓangaren farko yake sauka, wato kan mai bayanin, ba kan ainihin abin ba. Ku riƙe wannan.

6/ Mu koma baya. Kakannin harsunan Jamus, Ingila, Holan da ƙasashen arewacin Turai sun ɗauki wata ɗabi'a tun kafin a fara rubuta su: nauyin kalma ya tsaya cak a gaɓar farko. Duk gaɓar da ta biyo baya sai a faɗe ta sama-sama. Abin da ake faɗa sama-sama ɗaruruwan shekaru kuwa, a hankali cinyewa yake yi.

7/ Akwai wani dutse da aka gano a 1627 a jikin katangar makabartar cocin Tune, kudu maso gabashin Norwe. Yanzu yana gidan tarihi a Oslo. An sassaƙa masa tsohon rubutun nan na run wajen shekara ta 400. A cikinsa akwai kalma mai tsawon gaske, witadahalaiban, wadda masana ke fassarawa "mai kula da gurasa", wato maigida. Harɗaɗɗiya ce. Kun ga sana'ar ɗinkin ba ta jiya ba ce.

8/ Tsakanin kusan shekara ta 500 zuwa 700 sai harshen ya tsuke. Gajerun wasulan da ba a dannawa suka zube. Kalmar baƙo a da gastiz ce, gaɓa biyu. A zamanin Baikin, 'yan jiragen nan masu kai hari, ta zama gestr. Yau gjest. Dogayen kalmomin dutsen Tune ba za su tsira a haka ba.

9/ Nan ne wurin da na fi jin daɗi. Akwai kalmomin da ɗan Norwe ke faɗa kullum bai san biyu ba ne aka haɗa, don nauyin farko ya murƙushe na biyun.

Vindu, taga. Asalinta vindauga: vindr iska, auga ido. Idon iska. Daga nan Turawan Ingila suka aro tasu kalmar ta taga, lokacin da Baikin suka zauna a ƙasarsu.

10/ Fjøs, garken shanu. Asali fé da hús, gidan dabbobi. Gaɓa biyu sun narke sun zama ɗaya, har ba ka ganin ɗinkin. Nabo, maƙwabci, daga nábúi, mai zama kusa.

11/ Har sunan ƙasar. Norge ya fito daga tsohuwar harɗaɗɗiya da ta ƙare da vegr, hanya. Fassarar da aka fi sani ita ce "hanyar arewa", hanyar jiragen ruwa da ke bin gaɓar teku. Wajen shekara ta 890 wani attajiri daga can arewa mai suna Ottar ya ba Sarki Alfred na Ingila labarin ƙasarsa, aka rubuta sunan da wannan ma'ana. Yau daga vegr ɗin nan "ge" kawai ya rage.

12/ To bayan nauyi akwai abu na biyu, kuma nan Bahaushe ya fi Bature saurin ganewa. Harshen Norwe yana da karin sauti. Mu mun san kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, murya ke raba su. Su ma haka, sai dai nasu iri biyu ne kacal, suna kiran su na ɗaya da na biyu, kuma a gaɓar da aka danna kawai suke aiki.

13/ Misalin da kowane ɗalibi ke fara ji: bønder manoma, bønner wake (ko addu'o'i). Ba a furta d ɗin, saboda haka baƙaƙe da wasula duk ɗaya ne. A bakin mutumin Oslo, manoma murya na farawa ƙasa ta hau. Wake kuwa tana farawa sama, ta sauko, sannan ta hau. Ka kuskure kari, ka ce ka dafa manoma.

14/ Me ya sa kalmomi masu gaɓa biyu iri ɗaya suka rabu haka? Tarihi ne. A tsohon harshen, kalma mai gaɓa ɗaya tana da nata kiɗan, mai gaɓa biyu ko fiye tana da nata. Manoma a lokacin bœndr ce, gaɓa ɗaya. Daga baya aka cusa wasali tsakanin d da r don sauƙin faɗi, ta zama gaɓa biyu, amma ta ƙi sakin tsohon kiɗanta.

15/ Haka hender. In hannaye ake nufi, kari na ɗaya, don a da hendr ce. In "yana faruwa" ake nufi, kari na biyu. Wato muryar ɗan Norwe na yau tana tuna adadin gaɓoɓin da kalma take da su shekara kusan dubu da suka wuce, shi bai ma sani ba. Wallahi wannan abin yana burge ni.

16/ Kuma ba duk ƙasar ke yi iri ɗaya ba. A yamma da arewa kari na ɗaya sama yake farawa, kishiyar Oslo. Ƙauyukan da ke kewaye da Bergen da wasu sassa na can ƙuryar arewa ba su da bambancin sam. 'Yan Denmak kuma, inda Norwe ke da kari na ɗaya, su wata 'yar tsayawa suke yi a maƙogwaro, suna kiranta stød.

17/ Yanzu mu haɗa da harɗaɗɗun kalmomi. Duk tsawon kalma, kari ɗaya take ɗauka, kuma a harshen gabashin ƙasar ɓangaren farko ke yanke hukunci. Dubi waɗannan: landmann manomi, landsmann ɗan ƙasarku. Ta farko kari na biyu, ta biyu kari na ɗaya. Wannan ƙaramin s ɗin ya canza ma'ana, ya canza kiɗa.

18/ Mu ma muna da shigen haka. Ka faɗi "ya dafa duka" a cikin jimla, sannan ka faɗi dafa-duka ta shinkafa. Ko "ya hana salla" da hular nan hana-salla. Za ka ji muryarka ta sauka a kalmar farko in suna ne. Haɗuwar ce ta sauya karin. Ba dangantaka tsakanin harsunan biyu, dabara ce ta zo ɗaya.

19/ Daga ina s ɗin landsmann ya fito? Tsohon harshen yana sauya ƙarshen suna gwargwadon aikinsa a jimla, hali huɗu, kamar yadda masu karatun Larabci suka san i'irabi. S alamar mallaka ce, kamar n ɗinmu na gidan sauro. E ɗin da ke cikin barnehage, makarantar renon yara, ragowar barna ce, "na yara". Lambun yara ke nan, sun kwaikwayo daga Jamusanci.

20/ Wancan tsarin i'irabi ya rushe a ƙarnonin da suka biyo bayan babbar annoba. A 1349 jirgi daga Ingila ya kawo ta Bergen, kuma masana tarihi na ƙiyasta ta kashe kusan rabin mutanen ƙasar. Malaman coci, waɗanda su ne marubuta, sun mutu da yawa. Ƙarshen kalmomi ya zube a magana, amma waɗanda suka maƙale a tsakiyar harɗaɗɗun kalmomi suka tsira, don ba a bakin ƙofa suke ba.

21/ Shi ya sa har yau ba wata ƙa'ida ɗaya da za ta gaya maka inda ake sa s, inda ake sa e, da inda ba a sa komai. Mai koyo sai hadda. Gado ne aka raba ba tsari.

22/ A wannan zamanin kuma fataken Jamus na ƙungiyar Hansa suka kafa sansani a Bergen wajen 1360, suna sayen busasshen kifi suna kawo hatsi. Sun zo da kalmomi irin betale, biya, da forstå, fahimta. Waɗannan ba a danna gaɓarsu ta farko. Karon farko ke nan da tsohuwar ɗabi'ar ta gamu da baƙi masu yawa da suka ƙi bin ta. Daga baya na Faransanci da Latin suka biyo, irin stasjon, da nauyi a ƙarshe.

23/ Talakawan gabas da na yankin Trøndelag ba su yarda ba. Suka ja nauyin ya dawo gaba: ayaba, wadda masu ilimi ke cewa baNAN, su suka ce BANnan. A Oslo wannan ya zama tambarin aji. Yammacin birni na masu hali, gabas na ma'aikata, kuma daga yadda ka ce ayaba an san unguwarku. Abin dariyar, wanda ake yi wa kallon bagidaje shi ke bin dokar da ta fi tsufa.

24/ Kada in yi muku ƙarya cewa dokar gaɓar farko ba ta da togiya. Skomaker, mai ɗinkin takalmi, a tsakiya ake danna shi. Birnin Kristiansand, wanda Sarki Christian na 4 ya kafa a 1641, a ƙarshe. Amma 'yan kaɗan ne.

25/ To rubutu fa? Nan siyasa ta shigo. Norwe ta shiga tarayyar Kalmar a 1397, daga 1537 kuma ta koma ƙarƙashin Denmak sosai. Harshen Denmak ya zama na fada, na kotu, na coci. Littafin Baibul da aka buga a 1550 da shi aka karanta wa 'yan Norwe. Kusan shekara 300 suna rubuta harshen wasu, suna karanta shi da kiɗan bakinsu. Karin sautin bai taɓa shiga takarda ba, kuma bai mutu ba.

26/ Kada ku ɗauka magabata sun ƙware a haɗewa da rabawa. Marubutan tsakiyar zamani yadda hannu ya kai suke yi, yau a haɗe gobe a rabe. A littattafan ƙarni na 18 kuma sau da yawa karan ɗori ake sakawa a tsakani. Haɗewa tsaf a matsayin doka aikin makaranta da maɗaba'a ne na baya-bayan nan. Abin da ya daɗe shi ne na baki.

27/ A 1814 Norwe ta rabu da Denmak, ta rubuta tsarin mulkinta a Eidsvoll ranar 17 ga Mayu, da harshen Denmak ɗin dai. Sai tambaya ta taso: ƙasa mai majalisarta, Storting (stor babba, ting taro, ga wata harɗaɗɗiyar), ina harshenta?

28/ Mutum biyu suka ba da amsa biyu. Ivar Aasen, ɗan manomi da aka haifa a Ørsta a 1813, wanda ya koyar da kansa, ya zaga ƙauyuka daga 1842 zuwa 1846 yana tattara karin harshe. Ya fitar da nahawu a 1848, ƙamus a 1850, ya gina sabon rubutu a kan maganar karkara. Knud Knudsen, malamin makaranta, ya ce a'a, a riƙe rubutun Denmak a riƙa gyara shi a hankali ya dace da bakin 'yan birni.

29/ A 1885 majalisa ta daidaita matsayin biyun. Tun 1929 sunansu nynorsk, na Aasen, da bokmål, na layin Knudsen. Aasen ya guji kalmomin Hansa masu be a gaba, ya fi son tsofaffin 'yan gida. Shi ya sa a nynorsk taga har yau vindauge ce, idon yana nan a buɗe, ƙasar kuma Noreg. Masu rubuta shi ba su fi ɗaya cikin goma da 'yan kai ba.

30/ An yi gyaran rubutu a 1907, 1917 da 1938, gwamnati na ƙoƙarin narka biyun su zama ɗaya. Rigima ta yi zafi har a shekarun 1950 iyaye suka riƙa bin littattafan 'ya'yansu da alƙalami suna gyarawa. Sai 2002 majalisa ta haƙura da manufar a hukumance. Amma duk wannan faɗan, ban ga inda ɓangarorin suka saɓa kan cewa harɗaɗɗiyar kalma a haɗe ake rubuta ta ba.

31/ Wani ɗan ratse. Gwamnatin Norwe ta taɓa sauya yadda ake ƙirga. A da ashirin da biyu toogtyve ce, "biyu da ashirin", irin na Jamus da Larabci. Lambobin waya suka ƙaru, ana ta kuskure, sai daga 1 ga Yuli 1951 aka ce tjueto, ashirin-biyu. Shekara 70 da ɗori, har yanzu za ka ji tsohon ƙirgen a bakin mutane. Doka na iya juya takarda cikin dare ɗaya, baki sai ya ga dama.

32/ Mu zo kan raba gaɓa. Haɗewa na da nata tarkon: in ba tazara, ina ɗinkin yake? Pilspiss. In ka yanka pil-spiss, tsinin kibiya ne. In ka yanka pils-piss, fitsarin giya. Shi ya sa ƙa'idar yanke kalma a ƙarshen layi ta ce a fara neman mahaɗa, a yanka a nan, kafin a kula da gaɓa. Kwamfutar da ba ta san ma'ana ba ta sha kunyata jaridu a kan wannan.

33/ Ga wani kuma. Gaɓar da aka danna dole ta yi nauyi: ko dogon wasali, ko gajere da baƙi mai ƙarfi a bayansa. Tak rufin ɗaki, takk godiya. To in buss ta haɗu da stasjon, s uku ke nan a jere. Doka ta ce a zubar da ɗaya: busstasjon. In layi ya ƙare a tsakiya aka yanka, sai na ukun ya dawo: buss-stasjon.

34/ Me ya kawo yawan farkewa a yanzu? Mafi yawa Ingilishi ake zargi, don shi yana rubuta irin waɗannan a rabe, kuma yaran Norwe cikinsa suke iyo. Sai manhajojin gyaran rubutu: ka ɗinka sabuwar kalma da ba ta cikin ƙamusinsu, su ja mata jan layi, ka raba ta, layin ya ɓace. Na'ura ta koya maka kuskure ta kuma yaba maka.

35/ Har ƙungiya aka kafa, Astronomer mot orddeling, "masana taurari masu adawa da raba kalma", suna tattara hotunan alluna da tallace-tallace. Wani lokaci abin na zama cin fuska ga mai ƙaramin shago ko baƙon da ke koyon harshen, wannan ɓangaren ba na so. Amma a kan asalin maganar ina bayansu.

36/ Dalilina: harshen mutum miliyan biyar da rabi ne, kuma ɗinki shi ne masana'antarsa. Sabon abu ya zo, su ɗauki tsofaffi biyu su haɗa. Datamaskin kwamfuta. Nettbrett, allon intanet, wato tablet. Minnepinne, sandar tuni, filashin da muke sokawa a kwamfuta. Kollisjonspute, matashin karo, jakar iskar mota. Kowacce nauyi ɗaya, kari ɗaya. In aka saba ganinsu a rabe, mai karatu ya daina sanin inda sabuwar kalma ta fara da inda ta ƙare.

37/ Na san wasunku tun ɗazu suna tuna namu: "nasan" da "na san", "ya na" da "yana", "kuzo" da "ku zo". Mu mun fi haɗe abin da ya kamata a raba, su suna raba abin da ya kamata a haɗe. "Motar ta ce" da "motar tace" ba abu ɗaya ba ne, kamar lammelår ɗinsu.

38/ Tun 1 ga Janairu 2022 Norwe na da dokar harshe da ta ɗora wa hukumomin gwamnati yin rubutu bayyananne kuma bisa ƙa'ida, hukumar harshe ta Språkrådet na sa ido. Dokar ba ta kai ga allon mai kanti ba, can har yanzu abarba na kiran waya.